A rubuta tarihin 'yan kwana-kwanan Tawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kowa ya san gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982, har aka sake gina ta. Amma mu a Tawa, labarin 'yan kwana-kwananmu ba mai rubuta shi. Sojoji ne, lambar wayarsu 18, kuma da hunturu, sa'ad da iska ke kaɗa wuta cikin rumfunan zana, su ke fita, ko da yake mutanenmu sai wuta ta ci ƙarfin bokiti da ƙasa suke tunawa da su.

Don Allah ku aiko ɗan jarida ya zauna da tsofaffin da suka yi ritaya daga aikin, ya ji yadda aka faro shi a garin nan.

Wani mai karatunku, daga Tawa