Ƙananan Rance: A Daidaita Lokacin Biya da Lokacin Girbi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan yunƙurin da ake yi a duniya na faɗaɗa ƙananan rance domin su kai ga ƙarin talakawa. Tun daga 1976, lokacin da Farfesa Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash, tsarin ya yi ta bunƙasa har ya haifi bankin Grameen a 1983, mu ma Babban Bankin Najeriya ya fito mana da manufarsa ta ƙananan bankuna a 2005.

Ni shaida ne cewa kuɗi kaɗan yana tayar da mutum. Yayata a nan Argungu da kwasar adashi ta sayi buhun shanshera na farko, ta turara, ta shanya a tsakar gida, ta kai inji, kuma yau da wannan sana'ar take biyan kuɗin makarantar marayunta uku.

Damuwata ita ce ƙa'idar biya. Zubin mako-mako ya dace da mai ƙosai, wadda kuɗi ke shigo mata kowace safiya, amma manomin fadama da ya zuba taki a watan Yuli ba ya ganin ko sisi sai ya yanke shinkafarsa. A ambaliyar 2020 na ga maƙwabcina tsaye a bakin gonarsa, ruwa ya shafe ta ƙaf, ga masu bin bashi suna sallama a ƙofar gidansa, har sai da ya sayar da shanun huɗarsa. Jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta ɗanɗana irin wannan a 2010, inda tsananin matsa wa waɗanda suka ci bashi ya sa gwamnati ta taka wa kamfanonin ba da rance burki.

Sai batun kuɗin ruwa, wanda ya hana mutanenmu da yawa kusantar banki saboda tsoron riba, alhali Musulunci ya halatta cinikin salam, wato a biya manomi kuɗin amfaninsa tun kafin kaka, ya kawo hatsin bayan girbi.

Don haka ina kira ga masu ba da rance da gwamnatin Jihar Kebbi su ɗage wa manomi biya zuwa kaka, su haɗa rancen da inshorar ambaliya, su kuma buɗe ƙofar rance marar ruwa a kasuwanninmu na Jega, Yauri da Kamba.

Wassalam.

Daga wani manomi,
Argungu, Jihar Kebbi.