Zanen Dagi a Bargon Bonet

Wunti, Bauchi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanenmu na Fatakwal. Nan gida lafiya lau, sai sanyi da ƙura. Saƙonka ya iso, na ga hoton Camry ɗinka, na kuma ga tambayarka ko za a iya zana dagin Arewa a baƙin bargon nan da ke manne a cikin bonet. Za a iya, yana kuma kyau ƙwarai idan an bi shi a hankali. Amma don Allah kada ka bari mai fenti ya yi masa irin feshin da yake yi wa jikin mota, domin wannan ba ƙarfe ba ne.

Yawancin bargon nan zaren gilashi ne ko wani matsattsen zare, aka rufe fuskarsa da siririn baƙin yadi. Amfaninsa rage ƙarar inji, da tare zafi kada ya riƙa dafa fentin saman bonet. Shan ruwa gare shi kamar soso. In ka labta masa fenti sai ya shanye, ya yi nauyi, ya sandare, zafi na dukansa ya tsattsage. Duk wahalar aikin a nan take.

Kafin ka kashe ko sisi, danna shi da yatsa. In yana marmashewa, ko ya saki yana reto, ko ya jiƙe da baƙin mai, rabu da shi ka nemi wani wurin masu kayan Beljiyam. Fenti ba ya kama wurin da mai ya shiga, kuma bargon da ya sha mai a saman inji mai zafi makamashin wuta ne. Bakanike ya fara toshe inda man ke yoyo.

Sai inji ya huce za ka cire shi. Amma tun yana jiki, ɗaga bonet ka tsaya a gaban motar, ka ɗiga alli a gefen da ya zama sama. Gefen da ke kusa da makullin bonet shi ne sama idan an ɗaga. Da yawa sai sun gama rubutu a ƙasa, sun mayar, su tarar da shi kai a ƙasa. Maɓallan roba ne ke riƙe da shi, goma da ɗoriya. Zura bakin sukudireba ƙarƙashin kan maɓallin ka ɓanɓaro shi, kada ka ja bargon kansa, ramin zai yage. Sayi sabbin maɓallai tun da wuri, tsofaffin sun gasu, karyewa suke yi. Ku ɗauke shi ku biyu don kada ya lanƙwashe, ku kuma lura da siririn tiyon ruwan wanke gilashi da ke bi ta bayansa. Sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, zaren gilashi ƙaiƙayi gare shi kamar ƙaiƙayin gero.

Shimfiɗa shi a tebur, ka share da burushi mai laushi, ka goge da tsumma mai ɗan danshin ruwan sabulu. Ban da fetur, ban da tina, ban da ruwan injin wanki. Ya yini ya kwana a inuwa.

Fentin da za ka nema na gwangwani ne, ko wanda aka yi don yadi da kujerun mota, ko na jikin inji wanda aka rubuta yana jure zafin digiri 260 na ma'aunin Celsius. Na yadin ya fi barin bargon da laushinsa, shi na fi so. Baƙi gwangwani ɗaya ko biyu, fari ɗaya, sai ɗaya na kowane launi. Fara gwadawa a wani lungu, ka jira minti 20. In yadin ya yamutse ko ya saki daga jikin zaren, wannan fentin ya yi masa ƙarfi. In gwaji ya yi kyau, yi wa bargon duka shafi biyu marasa kauri na baƙi, don ya daidaita inda ya koɗe.

Sai maganar zanen. Da hannu ba ya fita a irin wannan fuska, sai an yanka shi a takarda mai tauri. Tsohon hoton ƙashi na asibiti, wanda masu rubutun allon shago ke amfani da shi, ya fi kwali, don ba ya jiƙewa kuma bakinsa na fita tsaf da sabuwar reza. In ɗaya bai isa ba, haɗa biyu. Dagi layuka ne masu ratsa juna, saboda haka a kowace mahaɗa ka bar ɗan siririn wuri ba ka yanke ba, kamar rabin santimita, in ba haka ba tsakiyar za ta faɗo. Wuraren nan da ka bari su ne ma za su nuna kamar wani layi ya bi ta ƙarƙashin wani, yadda yake a aikin babbar riga. Faɗin santimita 40 zuwa 45 ya isa. Zaɓi inda ya fi shafewa a tsakiya, ka kauce wa ramukan maɓallai da tudun da masana'anta ta matsa.

Kada ka manna salatif a jikin yadin, zai tsige gashinsa. Kafe takardar da allurai irin na tela, tazarar yatsu biyu, musamman a lanƙwasa. Inda takarda ta ɗaga, nan fenti ke kutsawa ya ɓata bakin zane. Sauran wurin rufe shi da jarida.

Girgiza gwangwani minti biyu cur. Riƙe shi da tazarar santimita 25 zuwa 30, yana kallon bargon kai tsaye, ba a karkace ba. Fara feshin a kan jarida, ka ratsa, ka ƙare a kan jarida. Fari za ka fara sawa, shafi biyu ko uku, domin ja ko kore a kan baƙi kai tsaye dusashewa suke. Shafin farko zai zama kamar ba ka yi komai ba, kada wannan ya sa ka ƙara hannu. Jira minti 10 zuwa 15 tsakanin kowane shafi, sannan launi ya biyo, shi ma biyu ko uku. Ɗaga takardar sama tsaye kafin fentin ya gama bushewa. In wani wuri ya ɗan malala, fesa baƙi a murfin gwangwani, ka gyara da ƙaramin burushi. Fentin sheƙi na ƙarshe kuwa, kada ka sa shi, ɓawo yake yi ya fashe.

A nan Bauchi da hunturu bushewa ba wuya, ƙura ce abin gudu. A wurinku laima ce, don haka ba shi kwana biyu a ɗaki mai iska kafin ka mayar. Inji mai lita 2.4 irin naka bakin salansarsa na gaba ne, kusa da lagireto, nan ne zafi ya fi yawa, kuma fari a saitinsa yana komawa ruwan ɗorawa. Ka ɗan matsar da zanen baya. Kwanakin farko za ka ji warin fenti in inji ya ɗau zafi, zai tafi. Ka kuma gargaɗi masu wankin mota kada su sa masa ruwa mai ƙarfi.

Abu ɗaya nake roƙonka: in za ka ƙara rubutu, sa Bauchin Yakubu ko sunan 'yarka, amma kada ka sa sunan Allah ko aya. Wurin hayaƙi ne da mai da hannun bakanike.

In ka yanka takardar, turo min hotonta kafin ka fesa, in duba maka mahaɗan. Ka gaida mai ɗaki da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo da Sallah.

Naka har kullum,
Amininka na Wunti.