Wasan Shara da Wanke-Wanke da Ba na Yara Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wani wasan bidiyo da na tarar a wayar ɗan ƙanwata, wanda nake riƙo a nan Garwa. Da na leƙa sai na ga zanen falo, ga tsintsiya, ga tulin kwanuka, ga kwandon wanki, ana dannawa ana samun maki, har na ji daɗi a raina cewa yaron ya samu abin da zai sa masa son aikin gida. Sai da yayansa ya zauna ya buɗe mini shi sosai na gane cewa sharar da wanke-wanken tsani ne kawai, domin duk aikin da aka kammala, ladansa hoton batsa ne na matar da ke hidimar gidan a cikin wasan.

Ba manyan kamfanoni ke yin irin waɗannan wasanni ba. Galibi mutum ɗaya ne ko biyu, suna sakin wasan kashi-kashi tun bai kammalu ba, masu sha'awa kuma suna biyansu duk wata ta Patreon, wani shafin tallafa wa masu ƙirƙira da kuɗi, domin aikin ya ci gaba. Steam, kasuwar wasannin bidiyo ta intanet, ta buɗe musu ƙofa a shekarar 2018, kuma a watan Yulin 2025 ita da takwararta itch.io suka janye ko suka ɓoye da yawa daga cikin wasannin saboda matsin kamfanonin katin biyan kuɗi. Masu yin su kan rubuta cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, amma a wurinmu wannan rubutu ba ya tare kowa, domin ba saye ake yi ba. Yaro zai kai waya caji bakin kasuwa, ko ya haɗu da abokinsa a ƙofar makaranta, a tura masa ta Xender cikin minti biyu, tambayar shekaru kuma da yatsa ɗaya ake wuce ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wadda aka zaɓa a wulaƙanta. Gidaje nawa ne a Garwa da Marwa da Ngaundare ba su da mai aiki? Baiwar Allah ce da ta baro ƙauyensu, take tashi kafin kiran asalatu ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta durƙusa kan wanki har hannunta ya yi kanta, kuma ba ta da kowa a gidan sai amanar da aka ba mu. Saurayin da ya shafe watanni wasa yana koya masa cewa mai shara abin farauta ce, da wane ido zai dubi wadda ke share masa ɗaki?

Kamaru tana da dokar kare yara a intanet tun watan Yulin 2023, kuma ina kira ga hukuma ta kai ta har rumfunan masu caji da tura finafinai, ta yi musu bayaninta da Hausa da Fulatanci. 'Yan'uwana iyaye kuwa, kada hoton tsintsiya ya yaudare mu kamar yadda ya yaudare ni. Mu karɓi wayar, mu sa babba ya buga wasan a gabanmu har ya wuce matakin farko. Na goge namu, na kuma zaunar da yaran gidan duka na yi musu magana a kan mutuncin matar da ke dafa musu abinci.

Wassalam,
Wata uwa, Unguwar Yelwa, Garwa