A sa wa motocin 'yan sanda sulke kafin a ƙara sayo sabbi

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan motocin da 'yan sandanmu ke sintiri da su a hanyar Birnin Gwari, da ta Funtuwa zuwa Tsafe, da ta Jibiya. Yawancinsu Hilux ne irin na 'yan kasuwa, an dai shafa fenti, an ɗora jiniya, an kafa benci a baya. Jami'ai na zaune a fili, babu abin da ya kare su sai tamfol, ƙofar kuwa harsashin AK-47 ratsa ta yake kamar takarda. In ɓarayin daji suka yi kwanton ɓauna, direba suke fara nema, sai taya. Da zarar motar ta tsaya, sai dai abin da Allah ya yi.

Gwamnoninmu na son jera sabbin motoci a harabar gidan gwamnati, a yanke zare, a ɗauki hoto. Ni dai gara guda goma masu sulke da hamsin tsirara.

Kuma sulke ba kai mota wajen mai walda ba ne ya manna mata ƙarfe. Farantan ƙarfen da gilashin da harsashi ba ya fasawa suna da nauyi ƙwarai, dole a sake birki da safirin, in ba haka ba motar ta kife a kwana. Akwai kuma tayoyin da ke ci gaba da tafiya ko an harbe su. Ba sai an je Turai ba: DICON, masana'antar ƙera kayan yaƙi ta gwamnatin tarayya da ke Kaduna, da kamfanin Proforce a jihar Ogun suna ƙera motoci masu sulke.

Batun kuɗi kuwa, tun 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sandan Najeriya, dokar wancan lokacin ta ware masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin asusun tarayya. Legas ta kafa nata asusun tsaro tun 2007, kamfanoni na zubawa. 'Yan majalisarmu su nemi a fito a faɗa nawa aka kashe kan sulken motoci, nawa aka ware na gyara. Gilashin da ya sha harsashi sai an sauya shi, kuma duk mai wucewa ta barikin 'yan sanda ya ga motoci a kan duwatsu, ba taya, ciyawa ta fito ƙarƙashinsu.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Funtuwa, jihar Katsina