Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Lissafin Makin Jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so a can Amurka. Saƙonka ya iso gare ni tare da hoton takardar sakamakonka ta zangon farko, na kuma karanta shi har sau biyu, domin na ga alamar ranka ya ɓaci ƙwarai. Ka ce kwasa-kwasai biyar ka ɗauka, ka sami A a uku, B a ɗaya, C a ɗaya, da ka yi naka lissafin kuma sai ka ga 3.40, alhali makaranta 3.08 ta rubuta maka a matsayin GPA, wato matsakaicin makinka na zangon, har kana shirin zuwa ofis ka kai ƙorafi. Ina roƙonka ka dakata tukuna. Na zauna da alƙalami da takarda na bi lissafin daki-daki, kuma na tarar ba a tauye maka ko ɗigo ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne ka ɗauki kwasa-kwasan nan biyar kamar duk nauyinsu ɗaya ne, makaranta kuwa ba haka take auna su ba.

Bari in fara da kemistiri, tunda shi ya fi sosa maka rai. A takardar tsarin kwas da malamin ya raba muku a makon farko, wadda ka haɗo mini da hotonta, an rubuta cewa aikin gida yana da kashi 20 cikin ɗari, gwajin tsakiyar zango kashi 30, jarrabawar ƙarshe kuma kashi 50. Kai ka ci 95 a aikin gida, 85 a gwaji, 66 a jarrabawa. Ka tara ukun ka raba gida uku, ka sami 82, ka sa rai da B. Amma malamin kowane maki sai da ya ninka shi da kasonsa: kashi 20 na 95 shi ne 19, kashi 30 na 85 shi ne 25.5, rabin 66 kuma 33. Jimla ta tashi 77.5, kuma a ma'aunin da yawancin makarantun can suke bi, inda B yake farawa daga 80, wannan C ne. Duk wahalar da ka sha kana aikin gida dare da rana tsawon zango, maki 19 kaɗai ta kawo maka, jarrabawar yini ɗaya kuwa ita ta riƙe rabin kwas ɗin baki ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da ka san wannan lissafin tun da wuri, da ka shiga ɗakin jarrabawa kana sane da abin da kake nema. Kafin ranar kana da 44.5 a hannu, saura 35.5 ka kai 80, kuma tunda jarrabawar rabi ce, 71 kake bukata ka ci. Tsakanin 66 da 71 maki biyar ne kacal, wato wataƙila tambaya ɗaya ce da ka bari ba ka amsa ba, ko babi ɗaya da ka tsallake a bita. Don haka nake ba ka shawara, a kowane kwas, da zarar an dawo maka da takardar gwaji, ka yi wannan lissafi na komawa baya, ka rubuta adadin da kake nema a bangon littafinka.

Yanzu sai ainihin GPA, wanda shi ma irin wannan awon ne aka sake yi a mataki na biyu. Kowane kwas yana da abin da suke kira kiredit a can, wanda mu muka fi sani da yunit, kuma a bisa al'ada yunit ɗaya yana nufin kimanin awa ɗaya ta aji a kowane mako tsawon zango, tare da kusan awa biyu na nazari a gida. A ma'auninku A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F kuma sifiri. Kemistiri yunit 4 ne, ka sami C, 4 sau 2 ya ba ka 8. Lissafi shi ma yunit 4 ne, ka sami B, ya ba ka 12. Tarihi yunit 3 da A, shi ma 12. Sai ƙananan nan biyu masu yunit ɗai-ɗai, aikin ɗakin gwaji da darasin gabatarwa na sababbin ɗalibai, kowanne A, kowanne 4. Idan ka tara sai ka sami 40, yunit ɗinka kuma 13 ne, 40 a raba 13 shi ne 3.08. Ka ga A biyun da ka fi alfahari da su, duka-duka yunit biyu suka ɗauka, rabin nauyin kemistiri kaɗai.

Ka duba abin da maki biyar ɗin nan suka jawo. Da kemistiri ya zama B, da jimlarka ta koma 44, GPA kuma 3.38. Kai, ko da a ce ka sami B a kemistiri sannan ka faɗo daga A zuwa C a aikin ɗakin gwaji, da 42 za ka samu, wato 3.23, wanda har yanzu ya ɗara abin da kake da shi. Ba ina cewa ka wulaƙanta ƙananan kwasa-kwasai ba ne, domin ilimin da ke cikinsu yunit ba ya iya auna shi, kuma ni kaina akwai ƙaramin kwas da ya fi amfanar da ni a wurin aiki fiye da manya da yawa. Amma idan lokaci ya ƙure, jarrabawa biyu suka zo maka a mako ɗaya, ya kamata ka san wadda za ka ba awa shida da wadda za ka ba awa biyu.

Akwai kuskure na biyu da nake so ka kauce masa tun kafin ka faɗa ciki, shi ne na haɗa sakamakon zanguna. Mu ɗauka ka yi kwasa-kwasai biyu a lokacin dogon hutu, yunit 6, ka sami A a duka, GPA na wannan ɗan zango ya zama 4.00. Zuciyarka za ta raya maka ka tara 3.08 da 4.00 ka raba biyu, ka ce kana da 3.54. Ba haka ba ne. Sai dai ka tara 40 da 24 su zama 64, ka tara yunit 13 da 6 su zama 19, ka raba, ka sami 3.37. Kullum jimlar maki ake rabawa da jimlar yunit tun daga ranar da ka shiga makaranta.

Daga nan ne za ka fahimci dalilin da ya sa na rubuto maka da gaggawa haka. Digirin farko a can galibi yunit 120 ne. Ɗalibin da ya yi yunit 90 yana kan 2.80 ya tara maki 252, kuma ko da ya sami A a duk yunit 30 da suka rage masa, abin da zai kai shi ne 372 a raba 120, wato 3.10, ba zai wuce nan ba komai ƙoƙarinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai kuwa yunit 13 kawai ka yi. Idan burinka ka kammala da 3.50, kana bukatar maki 420 gaba ɗaya, saura 380 ke nan a cikin yunit 107, wato kusan 3.55 a kowane zango. Wannan abu ne mai yiwuwa ƙwarai ga mutum irinka, muddin ba ka bar wani babban kwas ya sake kuɓuce maka ba.

Ka kiyayi F fiye da komai, domin sifiri ne a wajen maki amma yunit ɗinsa yana nan daram a wajen rabawa. Da kemistiri F ka samu, da 32 za a raba da 13, ka tashi da 2.46, kuma yawancin makarantun can suna sa ɗalibi a matakin gargaɗi idan ya gaza 2.00. Idan ka ga kwas yana neman fin ƙarfinka, ka je wurin mai ba ka shawara kan karatu kafin wa'adin janyewa ya wuce, domin kwas da aka janye a kan ƙa'ida galibi ba ya shiga lissafin GPA, sai dai ka tabbatar janyewar ba za ta sauke ka ƙasa da yunit 12 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema ga ɗalibi na cikakken lokaci, kuma takardar zamanka a ƙasar ta rataya a kansa. Dokar maimaita kwas kuma ta bambanta: wasu makarantu sabon maki yana shafe tsoho, wasu kuma duka biyun suke ƙirgawa. Haka nan wasu suna amfani da alamar ƙari da ragi, inda A- take 3.7, B+ kuma 3.3. Duk wannan yana cikin littafin dokokin makarantarku, ka nemo shi ka karanta da kanka maimakon dogaro da abin da ɗalibai suke faɗa.

Game da tambayarka kan yadda makinka zai kasance a ma'aunin 5 da muka yi karatu da shi a jami'o'in Nijeriya, inda A yake maki 5, kada ka kwatanta lambobin kai tsaye. A wancan tsarin 70 ya isa A, a wurinku kuwa 70 farkon C ne, saboda yadda ake tsara tambayoyi da yadda ake ba da maki ba iri ɗaya ba ne. Ina zargin ma sabawa da wancan tsarin ce ta sa ka ga 66 ba wani abin tayar da hankali ba ne sa'ad da ka fito daga jarrabawar.

Idan kun yi rajistar zango mai zuwa, ka turo mini jerin kwasa-kwasanka da yunit ɗinsu da yadda kowane malami ya raba kasonsa, mu zauna ta waya mu fitar da makin da kake nema a kowanne tun kafin a fara gwaji. Iyalina duk suna gaishe ka. Allah Ya ba da sa'a, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini.