Baba, a bar Auta ya karanta fannin tarihi

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ku da Mama da kowa da kowa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya lau, aiki da godiya.

Auta ya kira ni daren jiya, jikinsa a sanyaye. Ya ce kun ce ba za a zuba kuɗi ya zo Amurka ya karanta tarihi da falsafa ba, gara ya yi akanta. Ban ga laifinku ba, domin ni ma haka na ɗauka kafin in zo. Amma ina roƙon ku ji abin da idona ya gani.

Kwalejin da ta ba shi gurbi irin wadda ake karatun gama-gari ce. Digirin shekara 4 ne, kuma galibi sai ƙarshen shekara ta biyu ɗalibi ke tsayar da fanninsa. Kafin nan zai taɓa lissafi, kimiyya, adabi da tattalin arziki. Tsarin tsoho ne ƙwarai, asalinsa fannoni 7 ne, uku na farko kuwa kun fi ni saninsu: nahawu, manɗiƙi da balaga. Wato mutum ya iya harshe, ya iya auna hujja, ya iya gamsar da mai saurarensa. Baba, ciniki kuwa ai da waɗannan ake yinsa.

Bari in faɗa muku abin da nake yi a wurin aiki. Shugabana kan miƙo mini rahoto mai shafi 60, ya ce da safe yana son shafi ɗaya da zai yanke shawara a kai. Wani lokaci dillalai biyu su kawo alƙaluma masu karo da juna, kowa na rantsuwa nasa ne daidai. A nan karatun tarihi ke mini rana, domin shekara huɗu aka yi ana hora mu da tambayoyin nan: wa ya rubuta wannan takarda, me yake nema, me ya ɓoye? Malamarmu ba ta barin jimla ta wuce ba hujja, sai ta dawo maka da takardarka ka sake. A lokacin haushi nake ji, yau kuwa da shi nake cin abinci. Manhajar lissafin kamfani kuma cikin 'yan watanni na koye ta.

Ba ni kaɗai ba ne, ga misalin waɗanda suka karanta tarihi suka shugabanci manyan kamfanoni. Kenneth Chenault, baƙar fata ne kamarmu, tarihi ya karanta a kwalejin Bowdoin kafin ya yi lauya a Harvard, ya kuma shugabanci kamfanin hada-hadar kuɗi na American Express daga 2001 zuwa 2018. Marigayiya Susan Wojcicki tarihi da adabi ta karanta, ta riƙe YouTube daga 2014 zuwa 2023.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin farko ya fi wa irinmu wuyar samu. Mai digirin akanta ƙofarsa a buɗe take, mu sai mun ƙwanƙwasa, ni kaina na sha jira. Shi ya sa na gindaya wa Auta sharaɗi: dole ya haɗa da darussan ƙididdiga da tattalin arziki, kuma kowane dogon hutu ya nemi aikin koyon sana'a a kamfani, ni zan tsaya masa a kan wannan. In ya yi 'yan shekaru yana aiki, yana iya komawa ya yi MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, shekara 2 ne a nan, kuma suna karɓar mai kowane irin digiri.

Yaron nan tun yana ƙarami ba ya ajiye littafi, kun sani. Ina tsoron a tura shi inda zuciyarsa ba ta, ya fito da sakamako mai rauni.

Zan kira ranar Asabar in Allah ya kai mu, don Allah Mama ta kasance a kusa. A sa mu a addu'a.

Ɗanku mai ƙaunarku.