Wasan Civilization V: kwamfuta ba ta kawo hari haka kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wani ƙorafi da ya yi yawa a bakin matasan Damagaram masu buga wasan gina daula na Civilization V. Daga fadojin Birni har na Zango maganar ɗaya ce: wai kwamfuta maciyar amana ce, yau ta kira ka aboki, gobe ta turo maka dawaki. Mu dai ba mu yarda ba. Sarakunan da kwamfuta ke juyawa lissafi suke bi, kuma yawancin lissafin a buɗe yake ga mai son dubawa.

Kamfanin Firaxis ya fitar da wasan a 2010, aka ƙara masa Gods & Kings a 2012 da Brave New World a 2013. Alƙaluman da za mu kawo na wannan na ƙarshen ne, a gudun wasa na tsaka-tsaki, mai zagaye 500 (zagaye shi ne kowa ya yi nasa motsin sau ɗaya) daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 2050. Wanda ya zaɓi gudu mai sauri ko mai jinkiri zai ga lambobin sun sauya.

Abu na farko, a shiga shafin hulɗa da sarakuna a ɗora kibiyar linzami a kan kalmar da ke nuna matsayin kowane sarki. Jerin dalilai zai fito, kore na abin da ya ji daɗi, ja na abin da ke ci masa rai. Jan layin da ya fi jawo yaƙi shi ne wanda ke cewa yana kwaɗayin ƙasar da kake riƙe da ita. Yana fitowa ne idan ka kafa gari kusa da babban birninsa, ko ka sayi gurabe, wato yankunan fili da aka rarraba taswira a kai, a bakin iyakarsa. Sai ya haɗa wannan da ƙarfin rundunarka. A shafin ƙididdigar al'umma akwai layin sojoji, yana nuna matsayinka da na wanda ya fi kowa da kuma matsakaici. Wanda yake na bakwai ko na takwas cikin dauloli takwas, ga shi maƙwabcin Shaka na Zulu ko Attila ko Montezuma, to ya kwana da shiri. Maganin ba tsada: maharba uku ko huɗu, a ɗaga su zuwa masu baka mai ƙarfi da zarar an gano fasahar gine-gine, ɗan mashi ɗaya a kan tudu, da ganuwa a garin iyaka. Maharbi na jifa daga gurbi biyu, garin ma haka, kuma soja ɗaya kaɗai gurbi ke ɗauka, don haka maharan sai sun zo a jere. A nan ake cinye su.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Sarkin da ke shirin yaudara yakan nuna fuskar aboki, jajayen layukan duk su ɓace. In maƙwabcin da jiya yake gunaguni kan iyaka ya wayi gari ba ja ko ɗaya, alhali ba abin da ka ba shi, tura ɗan leƙen hanya ya duba bayan garuruwansa. Galibi za a tarar da majaujawa da mayaƙa sun yi sahu.

Ciniki shi ne inda mutanenmu suka fi yin asara, abin mamaki kuwa ga jikokin fatake. Kowane nau'in kayan alatu, gishiri ne, turare, hauren giwa, auduga ko rini, yana ba da maki 4 na walwalar jama'a. Na biyu daga nau'i ɗaya ba ya ƙara komai. Mai mahaƙar gishiri uku, biyu zaman banza suke in bai sayar ba. Farashin guda wajen sarkin da ba ya jin haushinka zinariya 7 ne kowane zagaye har zagaye 30, ko 240 a dunƙule in akwai shelar abota tsakaninku, don ba a ba da kuɗi a dunƙule sai da ita. Musaya ɗaya da ɗaya ma tana yiwuwa, in shi ma rara gare shi. Amma na ƙarshensa ba zai sake shi ba sai da tsada mai yawa, kada a ɓata lokaci. Shi ya sa Haruna Rashid na Larabawa ke da daɗin bugawa: kasuwarsa ta musamman tana ƙara kwafi guda na kowane kayan alatu da garin ya gyara, sai ya yi ta sayarwa. Dawaki da baƙin ƙarfe da suka yi rara su ma ana saye, sai dai mai hankali ba ya sayar wa maƙwabcin da ke harararsa ƙarfen da zai ƙera takobi.

Lissafin walwala kuwa ga shi: kowane gari na cin maki 3, kowane mutum ɗaya na gari na cin 1. Da an faɗa ƙasa da sifili girman garuruwa zai ragu da kashi uku cikin huɗu. In aka kai 10 ƙasa da sifili, girma ya tsaya cik, ba a fitar da masu kafa sabon gari, 'yan tawaye kuma su fara ɓullowa. Yanzu a haɗa wannan da yaƙi. Ranar da aka shelanta yaƙi duk yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta mutu: kuɗin zagaye ya yanke, kayan alatun da kake karɓa sun koma gida, ayarin da ke tafiya can ya tashi aiki. Wanda ke da maki 6 na walwala, 8 daga ciki na kayan da yake saye wajen sarki ɗaya ne, to ran da suka ɓata ya faɗa rami tun kafin a harba kibiya. A rarraba masu sayar maka. Kuma in kana zargin aboki, karɓi kuɗinka a dunƙule.

Matakan hulɗa a jere suke, kowane da fasaharsa. Rubutu ke buɗe ofishin jakadanci, wanda ke nuna maka inda babban birnin sarki yake, shi ma ya ga naka. Wannan ganin ba ƙaramin abu ba ne, don haka ba laifi a jinkirta wa mafaɗacin da ke kusa. Buɗe iyaka sai an gano aikin gwamnati, yarjejeniyar kare juna sai an gano jarumtar mahaya, yarjejeniyar bincike sai an gano ilimi mai zurfi, kuma ita sai da shelar abota da kuɗi daga ɓangarorin biyu, zinariya 250 a farkonta. Ladanta na zuwa bayan zagaye 30. In yaƙi ya ɓarke kafin nan, kuɗin ya bi ruwa.

Shelar abota na ɗaukar zagaye 50, tir da sarki a bainar jama'a ma haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne amsa wa duk wanda ya miƙo hannu. Wasan na duba abokin abokinka da maƙiyin abokinka. Ka ƙulla da wanda amininka ya yi tir da shi, ja ya fito. Ka yi tir da wanda shi ma ya yi wa, kore ya fito. Don haka a fara duba shafin siyasar duniya a ga wa ke tare da wa, a zaɓi rukuni ɗaya na sarakuna biyu ko uku, a bar saura a gaisuwa da ciniki. Kuma wanda ya yi tir da aboki ko ya kai masa hari shelar tana raye, duniya duka za ta riƙe shi da wannan, ba wanda ya cuta kaɗai ba.

Haka batun alkawari. Idan sojojinka suka taru a iyaka, sarki zai tambaya: wucewa kuke ko yaƙi? Ka ce wucewa ne sannan ka afka masa, tabon ya bi ka wajen kowa. In ka riga ka ƙudurta, gara ka amsa yaƙi a take. Alkawarin daina kafa gari kusa da shi, ko daina leƙen asiri, ko daina tura masu wa'azi, ƙin ɗaukarsa ya fi sauƙi a kan ɗauka a karya. Akwai kuma dabarar da ba kowa ya sani ba: a teburin ciniki ana iya biyan sarki ya shelanta yaƙi a kan wani. Kayan alatu guda da 'yan kuɗi kan ishi mai son faɗa, ya juya rundunarsa gabas kai kana yamma kana gina makarantu.

Ƙananan birane masu cin gashin kansu, 16 a taswirar tsaka-tsaki, su ne arzikin da ake takawa a wuce. Kimarka a wajensu in ta kai 30 kai aboki ne, in ta kai 60 kuma ka fi kowa, kai ne uban ɗaki. Tana raguwa da kusan maki 1 kowane zagaye. Kyautar kuɗi hawa uku ce, 250, 500 da 1000; babbar ta fi riba a kan kowace zinariya, kuma duk kyauta darajarta na raguwa yayin da zamani ke tafiya. Amma kafin a taɓa baitulmali a duba buƙatunsu: a tarwatsa sansanin 'yan hari, a mayar musu da leburan da aka sace, a ja musu hanya, a nemo wani kaya. Na bakin teku abinci suke bayarwa, na 'yan kasuwa walwala da kayan ado ko tangaran da ba a samu a ko'ina, na soja kuma mayaƙa. Uban ɗaki na samun albarkatun ƙasarsu, kuma suna shiga yaƙinsa. Kada a bar soja ya kwana a ƙasarsu in ba abota, kima na zuba. Satar lebura daga ɗayansu a farkon wasa mutane na yi su sha. A maimaita, sauran duk su ɗauke ka abin tsoro. Wanda kuma Iskandar na Girka ke cikin wasansa ya san da kishiya, don ba ya son kowa ya raɓi waɗannan birane.

Amfaninsu na ƙarshe a Majalisar Duniya yake. Tana kafuwa idan wata daula ta sadu da kowa kuma ta gano injin ɗab'i. Daga zamanin masana'antu kowane ƙaramin birni da ke ƙarƙashinka na ƙara maka wakili, kuma da waɗannan ƙuri'u ake hana takunkumi a kan kayanka, da su ake cin zaɓen shugaban duniya. Ɗan leƙen asirin da aka ajiye a babban birnin wani a matsayin jakada na ba da damar sayen ƙuri'arsa.

Game da cin garuruwa, nan muke da ja da waɗanda suka ƙera wasan. Baƙin jinin mai neman fitina ba daga shelar yaƙi ya fi zuwa ba, daga kama gari yake zuwa, kuma nauyinsa na ƙaruwa in mai garin 'yan kaɗan gare shi. Gari ɗaya daga mai goma sha biyu da sauƙi. Garin ƙarshe na wata daula, ko ƙaramin birni mai zaman kansa, shi ne mafi muni. Abin haushin, ko shi ya fara kawo maka hari, ka kore shi ka ci garinsa, laifin na hawa kanka. Mafita ita ce a karkashe rundunarsa, a jira zagaye 10 da ake buɗe maganar sulhu, a karɓi kuɗi da kaya. 'Yantar da garin da wani ya ƙwace a mayar wa masu shi yana wanke suna. In dole sai an riƙe gari, a bar shi ɗan amshin shata tukuna. Haɗe shi kai tsaye na jawo ƙunci har sai an gina kotu.

Wani giɓin kuma, ba mubaya'a a wannan kashin. Mu da muka san Damagaram ta yi zamani tana kai gaisuwa Kukawa wajen Shehun Barno, Sarki Tanimun kuma yana ta gina ganuwa yana tara bindigogi har ƙarfinsa ya kai inda ya kai, mun san akwai matsayi tsakanin abota da yaƙi. Civilization IV na da shi, aka cire a na biyar, kuma an yi asara.

Masu son buga na gida, ga Askiya na Songhai da babban birninsa Gao. Yana samun ninki uku na zinariya daga sansanin 'yan hari da garin da ya ci, mahayansa na Mandekalu ba su da raunin da sauran dawaki ke da shi a gaban gari, masallacinsa na laka kuma ba ya cin kuɗin kulawa. Kuɗin sansanonin nan su za a zuba wa ƙananan birane. A Civilization VII na 2025 an sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni, sai dai dokokin hulɗarsa daban ne, kada a ɗauki lambobinmu can. Haka Unciv, kwaikwayon Civilization V na wayar Android, wanda kyauta ne kuma ba ya neman intanet: dokokin Gods & Kings yake bi, ba ayari ba Majalisar Duniya.

Saboda yawan ɗaukewar wuta a lokacin zafi, a shiga saiti a mayar da ajiyar kai-tsaye daga kowane zagaye 10 zuwa kowane zagaye 1. Mai tsohuwar kwamfuta ya kunna saurin tafiya da saurin faɗa, ya koma taswirar dabaru mai zane shimfiɗe, ya rage dauloli zuwa shida. Akwai kuma tsarin karɓa-karɓa, inda mutum uku ko huɗu ke buga wasa ɗaya a kwamfuta ɗaya, kowa da kalmar sirrinsa. A can ciniki da baki ake yinsa a gefen butar shayi kafin a shigar da shi, kuma wanda aka miƙa wa kwamfuta ya juya allo, don kada na kusa ya ƙirga masa maharba.

Wassalam.

Daga wasu masu buga wasan,
Unguwar Birni, Zinder.